Kalmar Sirrin Hajo

Shekarar da aka kawo kwamfuta ofishin wata ƙungiyar manoma a Karaye, Hajo mai buga tafireta aka damƙa wa ita. Tare da kwamfutar kuma aka gaji Ɗanmaliki, wani ɗan Kano mai tashin turare, wanda duk wata sai ya diro daga bas da jakar faya-fayai, wai ya zo duba tsaro. Hajo ba ta ga amfaninsa ba, ba ta kuma ɓoye ba. A ofishin da manaja kansa bai san inda ake kunna abin ba, wane ɓarawo ake tsoro?

Shawararsa ɗaya ce ta shige ta. Ya ce ta zaɓi kalmar sirri wadda har abada ba mai jin ta a bakinta. Nan take ta sa Isyaku, sunan ɗanta na fari. Bafulatanar Zoza ce. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, ga shi yau har ya ajiye gemu yana kiwon shanunsa, amma alkunya ba ta taɓa barin ta kama sunansa ba. In ya zo gaisuwa ma, bango take kallo ta amsa. To ga akwati ya samu, kullum da safe sai ya tambaye ta sunan, ya kuma mai da shi taurari don kada wani ya gani. Duk aikin ofis ba abin da take so kamar wannan.

Da gunagunin Hajo ya kai kunnen manaja, ya soma zancen sallamar Ɗanmaliki. Don ya nuna amfaninsa, gogan naka Ɗanmaliki ya ce a tara ma'aikata. Ya zauna gaban kwamfutar, ya karkace hula, ya tambayi direban ofis sunan mijin Hajo. Ya buga, ta ƙi. Ya tambayi sunan ɗan fari. Ta buɗe.

Ofis ya ɗauki dariya. Ashe Hajo sarkin kawar da kai ba ta fara aiki sai ta kira ɗanta. Ɗanmaliki na ta zuba bayanin ɓarayin zamani, ita kuwa ji take kamar an fizge mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Aka sa ta canja kalmar, ta sa "masara", ranta a ɓace. Ta yarda tsaro na da rana, amma ba takardun taki ne ke bukatarsa ba.

Direba kuwa bakinsa ba ya riƙe magana, nan da nan labari ya kai Zoza. Ran kasuwa sai ga Isyaku a ƙofar ofis. Ya jingine sandarsa ya durƙusa.

"Inna, an ce kina kirana."

Hajo ta ƙura wa fuskar kwamfutar ido. "Na'ura ce ke tambaya."

"To," in ji shi, "ni dai na amsa."

Ta ci gaba da bugu har ya tashi ya tafi, amma ko kalma ɗaya ba ta fita daidai ba.