Mako Uku a Cikin Bas

Mako uku ke nan Yurleidis Palomeque ba ta taka ƙofar jami'a ba, kuma babu wanda ya sani. Kullum da safe takan sa rigar sanyi biyu, ta rataya jakar littattafan shari'a, ta yi wa Gwaggo Nohemí sallama, ta hau bas. Da motar ta zo daidai makarantar sai ƙafafunta su ƙi tashi. Haka za ta bi motar har ƙarshen layi, ta dawo, ta sake komawa, sai la'asar.

Ita ce mace ta farko a danginsu da ta zo babban birni, Bogotá, karatu. Ranar da ta bar garinsu, Istmina, rabin unguwa ne suka rako ta tasha. A ajinsu kuwa mutum sittin da biyu ne, baƙar fata ita kaɗai. Ba wanda ya taɓa zaginta. Sai dai mai gadi da ke tambayarta katin shaida bayan ya bar na gabanta sun wuce, da yarinyar da ta cusa hannu cikin kitsonta ba izini, da dariyar da ake dannewa in ta buɗe baki, saboda karin harshenta na yankinsu, Chocó. Duk ta shanye. Ranar da ta fi kowa maki a wani rubutu, malamin ya kira ta ofis, ya tambaye ta cikin murmushi wa ya rubuta mata. Tun daga nan abinci ya fita ranta, ta dinga jin kanta kamar wadda ta shiga gidan biki ba gayyata.

Wata Laraba da hantsi, Gwaggo Nohemí, ƙanwar mahaifinta, mai dafa kifi a wani gidan abinci, ta taso daga kasuwa da kwandon kifi ta hau wannan bas ɗin. Ta hango ta a kujerar baya.

“Au, an mai da jami'ar cikin mota? Direban ne malamin?”

Yurleidis ta ɗago. Da Gwaggo ta ga fuskarta sai wasan ya tsaya. Ta ajiye kwandon tsakanin ƙafafunta ta zauna. Suka wuce inda ya kamata Gwaggo ta sauka, ba ta motsa ba.

“Tun yaushe?”

“Mako uku, Gwaggo. Ba ciwo nake ba. Na kasa shiga ne kawai. Don Allah kar ki gaya wa Baba.”

Ta zayyana mata komai, tana yi tana jiran faɗa. Ta san maganar gida: mu ba mu da lokacin irin wannan cuta, ta masu hutu ce. Amma Gwaggo taga kawai take kallo.

“Kin tuna Baffanki Aristarco?”

Ta tuna. Dogon mutum da yake wuni a bakin kogin San Juan ba ya ce wa kowa komai, yara suna tsokanarsa, har ya rasu.

“A garin nan ya yi shekara biyu yana karatun injiniya. Duk gidanmu ba mai ƙwaƙwalwarsa. Da ya dawo a haka muka ce sammu ne. Muka kai shi wurin masu magani, muka kunna kyandir a coci. Shekara talatin, 'yar nan, ba wanda ya zauna ya ce masa, Aristarco, me aka yi maka a can? Har da ni.” Ta share ido da bakin mayafinta. “Ba zan yi biyu ba. Tashi, in mota ta juyo tare za mu shiga.”

Da hannun Gwaggo a damtsenta ta wuce ƙofar jami'ar. A ofishin kula da lafiyar ɗalibai matar da ke kan tebur ta ce sai bayan mako shida za a sami gurbi.

“Ba komai, za mu jira,” in ji Gwaggo. Ta ja kujera, ta dire kwandon a tsakiyar ɗaki. “Kifin ne dai ban san ko zai jira ba.”

Ba a yi awa ɗaya ba aka kira su.

Likitar, wata dattijuwa mai suna Marleny Cuero, ta bar Yurleidis ta yi magana har ta gaji. Ba ta ce mata wataƙila malamin ba haka yake nufi ba. Ta ce, “An yi miki ba daidai ba. Abin da ke damunki kuma ciwon damuwa ne, yana da magani, ba lalaci ba ne.” Ta sa mata ranar dawowa, ta kuma gaya mata akwai ɗalibai baƙaƙen fata da 'yan ƙabilun asali na ƙasar da suke haɗuwa kowace Alhamis.

Abin bai warke nan take ba. Ta ajiye darussa biyu, ta yi asarar zangon. Akwai safiyar da har yanzu takan daɗe a bakin gado kafin ta iya sa takalmi. Amma tana zuwa wurin likitar, tana zuwa zaman Alhamis, inda ta tarar kowa da irin nasa labarin.

A mako na biyar da fara zuwa wurin likitar ta kira mahaifinta a waya da kanta, ta faɗa masa.  Ta cikin wayar tana jin ruwan sama yana dukan kwanon gidansu.

“Baba?”

“Ina jin ki, uwata,” ya ce. “Fara mini daga farko. Yau ba inda za ni.”