Yatsun Sa'ida

"Ruhe idonki, ɗiyata. In an taɓa ki, ki ce kin jiya."

Inna Hindu, maƙwabciyarmu, ta maƙale gashin kaza tsakanin dungulmin hannayenta, ta shafa wa ’yata Sa'ida a wuya. Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya. Sai Inna ta kai gashin kan farin tabon da ke dantsen yarinyar, ta shafa, ta sake shafawa. Sa'ida na tsaye ido rufe, tana jira a taɓa ta.

Na ce, "Kyasbi na, Inna. Tun bazara muke shafa mata magani."

"Ramatu, kyasbi na jin taɓi. Wanga bai ji. Haka nawa yaf fara ina budurwa, anka ce a jira."

Duk Kasuwar Daji an san Inna kuturwa ce. Ciwon ya mutu tuntuni, amma ya tafi da yatsunta. Muna gaisawa, muna aika mata tuwo, sai dai kwanonta daban yake, can gefen murhu.

Da na gaya wa maigidana Namadi, ya yi tsalle ya dire. "In kai ɗiyata layin kutare, gobe gari shi ɗauka? Tabo na, za shi ɓace."

Inna ba ta yi musu da shi ba. Washegari ta zo ta zauna a ƙofar zaurenmu, inda yake shan koko da abokansa. Matar da kullum hannayenta ke cikin mayafi, ranar ta fito da su ta ɗora a gwiwa.

"Namadi, dube su da kyau. Ba ciwo yac ci su ba, kunyar mutane ta."

Kullum sai ta zo. Koko ya daina yi wa bawan Allah daɗi. Wata safiya ya shigo yana ƙunƙuni, ya ce mu shirya.

Shekarar da aka fara Shari'a ce, mata sun bar hawa babur ɗin kabu-kabu, don haka muka yi ta jiran motar mata. Inna ta ce ƙafarta ƙafarmu har Ƙaura Namoda, ga tari yana neman tsaga mata ƙirji. A asibiti ma'aikacin ya gwada da auduga, ya ce ciwon ne, amma an zo da wuri. Wata shida na shan ƙwaya, ko farce ba za ta rasa ba. Inna ta rangaɗa guɗa a gaban mutane, ni kuwa na fashe da kuka.

Da kaka ta yi, Inna ta kwanta ciwo. Duk da haka kowace safiya sai Sa'ida ta bi ta kafar danga ta haɗiye ƙwayar a gabanta, don Inna ba ta yarda da ni ba. Ranar ƙwaya ta ƙarshe, tabon ya dishe, muryar Inna ma ta dishe. Ta ce wa Sa'ida:

"Ɗauko allura can ga taga. Zura mani zare in gani."

Sa'ida ta lashi bakin zaren, ta zura tashi ɗaya. Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Mun kada shi, Ramatu! Ni yas samu, wagga ta hi ƙarhinai."

Washegari bayan la'asar Inna ta cika. Namadi ne ya fara kama makara, bai bari an karɓe shi ba har maƙabarta. Na yi kuka sosai, amma wallahi ban taɓa kukan mutuwa zuciyata fari ƙal irin na ranar ba.

Da aka watse na sauke tuwo. Ina juyowa na ga Sa'ida ta ɗauko kwanon nan na gefen murhu ta wanke, ta zuba nata a ciki. Namadi ya kalle ni, na kalle shi. Sa'ida ta zauna bakin danga, tana yankar loma da yatsunta biyar.