Yadda Yaya Take Yanke wa Mama Farce

Auta ta sauke tukunya daga wuta, ta sa cokali ta tsamo abin yanke farce da ɗan almakashi, ta shimfiɗa su a kan tawul mai tsabta. Haka ta ga Yaya tana yi. Yaya ba ta taɓa kai ƙarfe jikin mahaifiyarsu ba sai ta dafa shi, har ɗan'uwansu direba yake tsokanarta wai wata rana miyar almakashi za ta ba su.

Tun da Yaya ta rasu, Mama ba ta bar kowa ya taɓa mata hannu ko ƙafa ba. Tana da ciwon suga, idanunta sun dushe, ƙafafunta ba sa jin zafi ko sanyi. Faratanta sun yi tsawo, na babban yatsan ƙafar dama har ya lanƙwashe yana neman shiga nama. A asibiti nas ta ja Auta gefe, ta ce idan ya huda fata ciwon zai yi wuyar warkewa, kuma da irin wannan ɗan abin wasu suke rasa ƙafa. Direba ya ce a kira mai yankan farcen da ke wucewa ta layinsu a huta. Auta ta ce rezar da ta bi hannun rabin unguwa ba za ta taɓa Mama ba. Amma ita ma tsoron kanta take ji, don Yaya ba ta kiranta da komai sai Gaggawa.

Ta tarar da Mama a kujerarta ta baranda. Da jin an ajiye robar ruwa a ƙasa, tsohuwar ta janye ƙafafunta cikin zani.

"Ki bar su. Mai yi ta tafi."

Auta ta matso da robar. Ta durƙusa, ta naɗe hannun riga, ta tsoma a ruwan.

"Da me kika gwada ruwan?" in ji Mama.

"Da gwiwar hannu."

Yaya ce take cewa tafin hannun mai girki ƙarya yake yi, ya saba da wuta. Sai Mama ta miƙo ƙafa ɗaya.

Auta ta wanke ƙafar ba tare da ta bar ta ta jiƙa ba, ta goge tsakanin yatsu har suka bushe. Ta riƙa yankewa a miƙe, kaɗan-kaɗan, ba ta bin kusurwa ba ta ƙwaƙule. Da ta zo kan mai lanƙwasar sai ta dakata. Ta ajiye ƙarfen ta ɗauki magogin farce, don ta tuna Yaya ba ta faɗa da farce mai taurin kai, lallashinsa take yi. Yaya mace ce da take wuni tsaye a shagon wanki da guga, hannayenta duk sun tsage, amma in ta zauna a gaban Mama sai ka rantse ba ta da wani aiki a duniya. Auta ta goga a hankali har bakin ya rabu da nama. Babu ko ɗigon jini.

Ta koma kan hannaye. Mama takan sosa jikinta cikin barci, shi ya sa Yaya ba ta yarda da ido. Duk yatsan da ta gama, sai ta ja shi a kuncinta. In ya karce ta, da sauran aiki. Auta ta gama ƙaramin yatsa, ta ɗaga shi ta ja a nata kuncin. Sai a lokacin ta san fuskarta a jiƙe take.

Yatsan Mama ya tsaya a wurin. Sauran suka buɗe, suka shafa kuncin har zuwa haɓa.

"Wannan da saura, Gaggawa," in ji ta.

Auta ta duba. Farcen ya yi sumul kamar bayan cokali. Ta taɓa shi da magogi sau ɗaya, ta mayar da hannun Mama kan kuncinta.