Babban Yatsan Yaya

Tun da ɓarin jikin Yaya ya shanye, ni na zama mai kai shi asibiti, ni da ko layin banɗaki ba na iya bi. Mai aski ne, kuma hannun damansa ne ya tafi. Sauran yatsun sun ɗan dawo, amma babban ya yi zamansa kamar ba a gidan yake ba.

A ɗakin gwajin, likita takan ɗora masa wani ƙarfe mai kama da ƙaton tabarau a gefen kai. Maganaɗisu ne, ba yanka, ba allura. Ya yi ƙas, ƙas, sai yatsan ya zabura. Ana kashe na'urar ya koma barci. Ni kuwa in tashi, in zauna, in leƙa taga, har ma'aikaciyar jinya ta ce in ba tsutsa ke cin kujerar ba, to ni take ci.

"Na'urar tana tada wurin da ke juya hannun ne kawai," in ji likita. "Ƙwaƙwalwa na iya buɗe sabuwar hanya, amma sai an bi ta da zafi-zafinta. Daga nan ku wuce shago, ya yi aikin da hannun ya saba."

Muka wuce. Abokan cinikinsa, waɗanda suka cika mu da addu'a, ranar kowa ya gano suma tana yi masa kyau. Wani ya dafe hula ya ce sauri yake. Wani ya gaishe mu daga tsallaken titi. Yaya yana tsaye da aska tana rawa tsakanin yatsu huɗu, yana kallon kujerar da ba kowa. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na san inda maganar za ta ƙare.

Na zauna a kujerar.

"Tashi, ƙanena," ya ce. "Kai da ba ka iya zama wuri ɗaya?"

"Yi askinka, Yaya. Kunne biyu gare ni, ɗaya ma ya isa."

Ya shafa sabulu da hagu. Askar ta sauko a hankali, tana karkarwa, ƙafata ita ma tana tata. Na ce wa ƙafar ta tsaya, ta ƙi. Can na ji zafi a saman kunne, wani ɗumi ya gangaro wuyana.

Askar ta faɗi ƙasa. Kafin in ce wayyo, ya damƙe wurin da auduga, yadda ya yi wa dubban kawuna ba tare da tunani ba. Na ɗaga ido na dubi madubi. Hagunsa na riƙe da kwanon sabulu. Da dama ya kama ni, babban yatsan a kan ciwon.

"Yaya, ka matse ni da yawa."

"Yi shiru," ya ce, hawaye na sauka a gemunsa. "Bar ni in matse."