Sunan Baba Na Haya Ne

Tun da Baba ya rasu ni ke riƙe da ofishin shagon kafintancinsa, Yaya kuma yana wajen katako da ma'aikata. Wata makaranta ta nemi mu aika mata hotunan bencuna da farashi ta imel. Idan muka samu aikin, shagon ya rayu. Idan ba mu samu ba, Yaya ya riga ya ce zai saka kwaɗo ya nemi wata sana'a.

Na aika saƙon, ya dawo. Na rage hotunan, na canza kalmar sirri, na kashe kwamfutar na kunna, har tsawa na yi mata kamar mai kunne. Duk a banza. Yaya ya leƙo, kansa duk garin katako, wai ko ban iya ba ne. Na ce masa ya zo ya buga mata guduma, tun da shi ya iya.

Sai na kira wata mai gyaran kwamfuta da ke bayan layinmu, kowa Injiniya yake ce mata. Ta karanta saƙon da ya dawo.

"Hajiya, kin ga abin da ke bayan alamar nan a adireshinku? Sunan babanki, sai ɗigo, sai 'yar wutsiya. Wannan sunan ba mallakarku ba ne, haya ce. Duk shekara ake sabuntawa."

"Sunan ubana ne haya?"

"A intanet, haka ne. Wa'adin ya cika, an yi ta aiko da gargaɗi ba a amsa ba, sai aka sake shi. Wani ya ɗauka."

Na ce to mene ne haɗin wannan da saƙona. Ta ce kafin na'urar makarantar ta karɓi wasiƙa, sai ta tambayi mai sunan ko ya san wanda ya aiko. A da mu ne ke amsawa. Yanzu wani ne, kuma ya ce bai san mu ba.

Raina ya ɓaci. Ni da aka haifa da sunan nan, wani ƙato can da ko ƙusa bai taɓa bugawa ba ya ce bai san ni ba.

"Gargaɗin ina ya je?" na tambaye ta.

"Wayar wanda ya yi rajistar."

Wayar Baba tana cikin durowar Umma. Ita ta kashe ta da hannunta, ta ce ba za ta iya jin tana ringin ba mai ɗauka ba.

Injiniya ta buɗe mana sabon adireshi na kyauta, saƙon ya tafi. Da yamma sakataren makarantar ya kira. Ya ce da suka ga baƙon adireshi sai suka duba shafinmu na intanet mai sunan Baba don su tabbatar mu ne, abin da suka gani kuwa ba wanda zai kai wa shugaba. Sun ba wani aikin.

Na buɗe shafin. Gidan caca ne. Karta, tsabar zinare na zubowa, ga sunan Baba a sama ɓaro-ɓaro.

Na so in ɓoye wa Umma, amma Yaya bakinsa ba ya riƙe ruwa. Da na shiga gida na same ta a bakin gado, tabarau a fuska.

"Nuna mini," ta ce.

Na miƙa mata wayata. Ta daɗe tana kallo, tana bin haruffan sunan da yatsa.

"Mutumin da ko ludo bai yarda a shigo masa da shi gida ba." Ta ɗago kai. "Wa ya yi sakacin da aka kai shi nan?"

"Kamfanin da ke ba da hayar sunan ne, Umma," na ce. "Ba su sanar da kowa ba."

Ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya jawo wannan. Ban iya cewa amin ba.