Tsakin da Ba Nata Ba

Auta ya zalunci matar yayansa da tsaki ɗaya, tsakin da ya ɗora a bakin baiwar Allah alhali ba ta yi shi ba. Masu kare shi suna cewa ai aiki ne, haka ake haɗa shirin talabijin. Ƙarya dai sunanta ƙarya, ko an sa mata kiɗa.

Shagon ɗinki ne da su a bakin titi, Baba ya kafa shi tun ƙarfinsa na nan. Da ido ya raunana, kunne ya yi nauyi, sai ya koma kujerar da ke bakin ƙofa yana sa ido, aikin ya dawo hannun matar babban ɗansa, wadda kowa ke kira Anti. Mijinta direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanya. Ita ke yanka, ita ke ɗinki, ita ke dafa wa tsohon abinci marar gishiri saboda hawan jini, ta tsaya a kansa har ya haɗiye ƙwayar maganinsa. Shi kuwa bai taɓa kiranta da wani suna ba sai "'yata".

Auta, ƙaramin ɗan Baba, mai haɗa sauti ne a wani gidan talabijin. Yana wuni a wani ɗan ɗaki marar taga, abin saurare a kunne, yana yanka maganar mutane yana liƙawa. Da aka fara wani shiri da ke bin iyalai masu sana'a ɗaya ana ɗaukar zamansu na yau da kullum, sai ya kai sunan gidansu. Anti ta ce ba ta so, kayan mutane sun taru. Ya ce talla ce kyauta. Baba ya ce a bar yaro ya yi abinsa, maganar ta mutu a nan.

Ma'aikatan talabijin suka zo da wayoyi da fitilu suka cika shago. Suka maƙala wa Anti wata 'yar na'urar ɗaukar murya a wuyan riga, wani dogo ya tsaya a kanta da sanda mai gashi a baki kamar mushen kyanwa. Aka sa ta shiga ƙofar shagonta ta fito, ta shiga ta fito, wai shigar farko ba ta yi kama da ta gaskiya ba. Sannan Auta ya roƙi Baba ya cire na'urar jin da yake sawa a kunne, don tana yi musu fito a cikin ɗauka. Tsohon ya cire ya sa a aljihu, ya wuni yana magana ba ya jin amsa.

Ranar da aka nuna shirin, da rana tsaka, maƙwabta sun cika shagon har waje don kallo a tsohuwar talabijin ɗinsu. An fara da kiɗa mai taushi, ga keken ɗinki, ga hannun Baba yana shafa yadi. Sai kiɗan ya sauya, wata murya mai kauri kamar daga cikin rijiya ta ce shago ɗaya ne, amma almakashi biyu ke yanka a cikinsa. Anti ta duba teburinta. Almakashinsu ɗaya ne, shi ma yana neman washi.

Sai aka nuno Baba yana cewa, "'Yata, ki rage hannun rigar nan." Aka nuno bayan Anti, ta sunkuya kan keke. Kiɗa ya ɗauke ɗif. A cikin wannan shiru aka ja wani dogon tsaki. Aka buga ganga ɗaya, aka nuno Baba ya sunkuyar da kai, muryar nan ta ce a gidan nan tsufa ya zama laifi.

Anti ta tuna wannan lokacin sarai. Allurai ne cike da bakinta, ta amsa masa da "uhm" ta gyaɗa kai. Sunkuyon da Baba ya yi kuwa, maɓalli ne ya faɗi yake nema. Ta faɗa wa mutanen da ke shagon haka, ta ce wa ya taɓa yin tsaki da allura a baki bai haɗiye ta ba? Suka ce haka ne, haka ne, suna fita ɗaya bayan ɗaya ba su kalle ta ba. Mutanen yanzu sun fi yarda da akwatin talabijin a kan wanda suka shekara suna gaisawa da shi.

Baba bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi mata sauƙi. Sai kawai ya ce, "Ashe kurumta rufin asiri ce. Allah kaɗai ya san sau nawa aka yi min ban ji ba."

Daga ranar ya daina cin abincinta. Ta ajiye kwano, ta dawo ta same shi a rufe yadda ta bar shi. Ya koma sayen na bakin titi, mai da gishiri kamar an zuba da gayya. Ta miƙa masa magani ya ce ta ajiye, ta ajiye ya kwana a wurin. Ba a jima ba ƙafafunsa suka fara kumbura, takalmi ya ƙi shiga.

A shago kuma aiki ya ƙaru, amma ba irin wanda ake so ba. Mata na zuwa da ɗan gyaran da bai kai a taka ƙafa ba, don dai su ga mai tsaki. Wata har ta ce, cikin dariya, ta ɗan yi musu su ji ko ya kai na talabijin. Mijin Anti ya bugo waya daga hanya ya ce ya yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma ta durƙusa ta ba Baba haƙuri a wuce wurin. Ta ce haƙurin me? In ta ba da haƙuri ta amsa laifi ke nan, kuma tsohon zai ci gaba da zama da tunanin shekara da shekaru ana raina shi a bayan kunnensa.

Ta rufe shago ta tafi gidan talabijin. Ta sami Auta a ɗakinsa yana jujjuyawa a kujera, allon gabansa cike da wasu zane-zane masu hawa da sauka. Ko kunya bai ji ba. Ya ce wurin ne ya yi shiru da yawa, shugabansu ya ce shirin ba gishiri, mutane za su canza tasha. Ya ce kowa na yi: a ƙara ajiyar zuciya nan, a ƙara ƙarar ƙofa can, mai sharhi ya ɗaure zancen.

"Haba Anti, sauti ne fa kawai."

"Sauti ne ya hana ubanka shan magani. Tsakin waye?"

Ya ce daga ma'ajiyarsu ya ɗauko, suna da irinsu da yawa. Ta ce to ya tashi su je ya faɗa wa Baba da bakinsa. Nan ya fara kame-kame: aiki ya yi yawa, Baba ba zai gane harkar ba, a bari ya huce. Ta kalle shi, yaron da ta ɗinka wa kayan makaranta da hannunta. Ranar kam ta so ta yi tsakin gaske, ta danne. Ta sa ya tura mata wurin da aka ja tsakin a waya, ta ɗauki ƙaramin abin saurare da ke kan teburinsa ba ta tambaya ba, ta fito.

Ta sami Baba a kujerarsa, ƙafa a kan ɗan benci. Ta durƙusa ta ce ba haƙuri ta zo bayarwa ba. Ranar nan cikin hayaniya ya ji, daga tsohuwar talabijin mai ƙara kamar gwangwani. Ta ce yanzu ya saurari tsakin a cikin kunnensa, shi kaɗai, in ya ce nata ne za ta ɗauka. Ita kanta ba ta san abin da take fata ba, dabara ce ta ƙare mata.

Ta miƙa masa abin sauraren, ya karɓa da ƙyar. Ya saurara. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita, ya rufe ido, ya sake cewa ta maimaita. Sai ya zare abin daga kunnensa a hankali.

"Wannan ba naki ba ne, 'yata. Kin ji ɗan fito a ƙarshensa?"

Ta ce ba ta lura ba. Ya ce shi ya lura. Auta na yaro ya faɗo daga keke ya gutsure haƙorin gaba, tun daga nan tsakinsa ke ƙarewa da wannan fiton. Ya sha ja masa kunne a kansa. Wato ba wata ma'ajiya. Yaron ya zauna gaban na'ura ya yi wa maganar ubansa tsaki da bakinsa, ya liƙa wa matar da ke ciyar da uban.

Baba ya ce ta kawo masa abinci da maganinsa, sannan ta kira Auta. Yana cikin ci Auta ya iso, ya tsuguna, ya fara bayani da kalmomin aikinsu, yadda ake gina labari, yadda mai kallo ke son abin da zai riƙe shi. Baba ya bar shi ya yi nisa. Ya haɗiye ƙwayarsa, ya sha ruwa, ya kai hannu kunne ya cire na'urar jinsa ya sa a aljihu.

Gidan talabijin bai kori Auta ba, an ma ce shirin ya karɓu. Amma tun ranar, da zarar ya sako ƙafa a shagon, Baba sai ya cire na'urar. Auta ya gaida shi, ya roƙe shi, ya yi kuka. Har yau mahaifinsa bai sake jin muryarsa ba.