Ranar da Mairama Ta Saki Rana

Armiya'u ya tsinci marfin kwalbar lemo a ƙasa, ya kanne ido ɗaya, ya miƙa hannu har marfin ya rufe masa motar Shinkafi da ke lodi a bakin tasha.

"Kun gani? Ga mota can da buhunnan albasa da mutane cike, amma wanga ɗan marfi ya ɓoye min ita. Hakanan wata za shi yi ma rana ran Laraba da hantsi. Shi ƙarami na, amma ya hi kusa da mu. Gari za shi yi duhu, har taurari ku gani."

Mutanen da ke kan bencin mai shayi suka kwashe da dariya. Wani direba ya ce to a tashe shi in an fara, don kada ya yi asarar kallo.

Shekarar Armiya'u ta uku ke nan a jami'a a Sakkwato, yana karatun fiziks da ilimin sararin samaniya, kuma ciwon 'yan aji uku ya kama shi sosai: abin da ya sani ba ya kwana a cikinsa. Malaminsu, Dakta Dung, shi ya sallami ɗaliban da garuruwansu ke kan hanyar inuwar, ya ba kowa damin tabarau na kwali mai baƙar leda, ya ce su je su gargaɗi mutane kada su kalli rana da ido tsirara. Armiya'u ya iso Ƙaura Namoda da imani guda, cewa abin da aka gaya wa mutum tun kafin ya zo ba zai firgita shi ba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Mudi kamasho yana tsaye da kofin shayi a hannu. Da aka ƙaddamar da shari'a a jiha, masu tsoron Allah sun yi murna, amma akwai waɗanda riga kawai suka samu, kuma Mudi na cikinsu. Ya tara samarin tasha ya naɗa kansa mai sa ido, ba hukuma ce ta sa shi ba, ba malami ba. Sau biyu yana aikawa neman auren mahaifiyar Armiya'u, Mairama mai tuwo, tana cewa ta gode.

"Ɗan Mairama," in ji Mudi, "wa ya hwaɗa maka abin da Allah za shi yi ran Laraba?"

"Lissahi na, Malam Mudi. Tahiyar wata sananna ce, tahiyar ƙasa sananna ce."

"Gaibu dai sai Allah."

"Ba gaibu ba ne. In ba ta faru ba ka aske min kai da kwalba."

Aka sake yin dariya. Mudi ya kurɓi shayinsa, ya dubi rumfar tuwon Mairama da ke ƙarƙashin dogonyaro a can gefen tasha, ya daɗe yana dubanta.

* * *

Kafin Talata magana ta zaga gari, kuma ba a siffar da ta fita ta dawo ba. Agatha, mai sayar da shinkafa da kifi kusa da rumfar Mairama, ita ta kawo ta har gida da yamma. Ko zama ba ta yi ba.

"Maman Armiya'u, abin da nake ji ba ya da daɗi. Suna cewa yaronki ya san ranar saboda kin kai aiki wurin boka. Wasu suna cewa zunubin matan tasha ne zai kashe rana. Ni gobe ba zan buɗe ba, kin san mu Kiristoci ko tari muka yi laifi ne. Ke ma ki zauna gida."

Mairama tana tankaɗen garin dawa, ba ta ɗago ba sai da Agatha ta fita. Shekara tara ke nan da mijinta Sadiƙ, leburan jirgin ƙasa, ya rasu. Da muciya da ludayi ta kai ɗanta jami'a. Lokacin da aka ce matan da ke zaman kansu a bayan layin dogo su yi aure ko su bar gari, ita ba ta cikinsu, kowa ya sani. Amma mace ce marar miji da ke zuba wa direbobi miya, kuma wannan ya ishi masu magana.

"Kai dai baki shi ka yanka wuya," ta ce wa ɗanta. "Mi yas sa ba ka ba su tabaranka kay yi shiru ba?"

"Inna, gaskiya nih hwaɗi. Ki zamna gida gobe, don Allah."

"In zamna su ce na sani shi yas sa nil laɓe? A'a. Wanda ya ga ina tuƙa tuwo ba shi cewa ina wurin boka."

Don ya sassauta mata rai sai ya ce akwai abin da yake so ya nuna mata goben. In wata ya ci rabin rana, hasken da ke ratsowa ta ganyen dogonyaro zai zuba a ƙasa kamar jinjirin wata, ɗaruruwa, ba sai an ɗaga kai ba. Ta yi ɗan murmushi, ta ce Allah Ya kai mu.

Bayan la'asar ya je wurin Malam Jibrin, limamin masallacin tasha. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe.

"Ɗana, ba ka zo da baƙon abu ba. Rana da wata ayoyin Allah na, ba su kisfewa don mutuwar wani ko rayuwar wani, hakanan Manzon Allah yak karantar da mu. In an ga abin, salla aka yi. Ni kau zan tara mutane in ja su salla. Amma waɗanga yaran na Mudi, rabon da in gan su sahu tun azumi."

A hanyar komawa gida ne lissafin da yake alfahari da shi ya juyo ya cije shi. Duhun ba zai wuce minti uku ko huɗu ba, ya sha rubuta haka a jarrabawa. Ko an yi salla ko ba a yi ba, ko an taɓa wani ko ba a taɓa ba, rana za ta fito. Ke nan duk abin da mutum ya aikata a cikin duhun, zai ce shi ya dawo da ita, kuma sama za ta ba shi gaskiya a gaban kowa. Ya tsaya cik a kan layin dogo. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

* * *

Laraba ta waye da zafin bazara, sama tas babu ko gajimare. Mairama ta ɗora tukwanenta kamar kullum, tuwon dawa da miyar sure, ga hoce, gasasshiyar wainar dawa, a faranti. Rumfar Agatha a rufe. Armiya'u ya zauna a gindin dogonyaro da tabarau a cinya. Mutum biyar kawai suka karɓa, biyu daga ciki don su kai wa 'ya'yansu abin wasa.

Da hantsi ya ɗaga, Armiya'u ya sa tabarau ya duba. Gefen rana ya gutsure, kamar an ciji waina. Shekara uku yana jiran wannan, amma abin da ya ji a ƙirjinsa ba murna ba ce.

Sannu a hankali haske ya canza. Bai zama na yamma ba, ya zama wani fari-fari marar lafiya. Zafi ya sauka, wata iska mai sanyi ta taso. Awakin da ke kiwon ɓawon albasa suka taru wuri ɗaya suna kuka. Direban da ya ce a tashe shi ya fito daga mota yana salati. Lasifikar masallaci ta kira mutane, manya suka dunguma can da sauri, wasu ko takalmi ba su tsaya nema ba. Cikin ɗan lokaci duk mai furfurar da zai iya tsawatarwa ya shige sahu, tasha ta rage daga mata sai samari.

Daga bayan garejin tasha aka fara jin kiɗan gwangwani. Al'ada ce ta yara in wata ya yi zazzaɓi, amma waɗannan ba yara ba ne. Sun kai ashirin, da sanduna da ƙarafan taya, Mudi a gaba. Idanunsu jajur suna zubar da hawaye, don sun yi ta kallon rana ba kariya. Abin da ya fi tayar wa Armiya'u da hankali shi ne ba fushi ya gani a fuskokinsu ba. Su ma tsoro suke ji.

"Ga su nan!" Mudi ya nuna da sanda. "Shi yah hwaɗi rana, shi yah hwaɗi lokaci. Wa ka sanin lokacin abu in ba mai abun ba?"

Armiya'u ya miƙe ya tare gaban rumfa. "Ku dakata, don Allah ku dakata kaɗan. Yanzun nan za ta dawo da kanta. Ku ƙirga..."

"Kun ji? Har dawowarta ya sani!"

Sai duhu ya faɗo gaba ɗaya, kamar an kife ƙwarya. Wata mata ta ƙwalla ƙara. Tauraruwa ta fito fes a tsakiyar hantsi. Can sama baƙin faifai ya tsaya da farin gashin haske kewaye da shi, abin da Dakta Dung ya ce wanda ya gani sau ɗaya ba ya mantawa. Armiya'u bai gani ba. Sanda ta same shi a kafaɗa, wata a baki, ya faɗi cikin toka. Ya ji tukunyar miya ta kife, ya ji zanar rumfa tana kamawa da wutar murhu, ya ji ƙafafu a haƙarƙarinsa.

"Ku bar shi! Ku bar min ɗana!"

"Ke ka da magani," in ji Mudi. "Ki tuba ki saki rana, ko mu gama da shi."

Armiya'u ya so ya ce mata kada ta faɗa, ta jure kaɗan, saura ƙiris. Bakinsa cike yake da jini, maganar ba ta fito ba. A hasken zanar da ke ci ya ga mahaifiyarsa ta durƙusa a cikin miyar da ta zube, ta ɗaga hannu biyu.

"Na tuba," ta ce. "Na tuba, na sake ta. Ku bar shi."

Ko rufe baki ba ta yi ba, wani ɗigon haske mai kashe ido ya ɓullo a gefen baƙin faifan. Gari ya fara washewa. Zakara ya yi cara a bayan garejin.

Samarin suka ja da baya, sanduna suka faɗi daga hannun wasu. Sai kabbara ta tashi, ba daga su kaɗai ba, har daga matan da ke leƙe ta bayan motoci, matan da suka shekara suna sayen hoce a hannunta. Wata tsohuwa ta tofa a gefen hagu, ta ja jikarta suka bar wurin.

* * *

Sallar kisfewa doguwa ce. Kafin Malam Jibrin ya sallame ya fito, rumfa ta zama gawayi, labari kuma ya riga shi isa kasuwa: ta amsa da bakinta, tana amsawa rana ta fito, mutum ɗari sun gani. Dattijon ya ɗaga murya ya ce wannan jahilci ne, zalunci ne, za shi kai ƙara. Mutane suka sunkuyar da kai don girmansa, amma ba wanda ya matso ya ɗaga ko da tukunya ɗaya.

Mairama ta jiƙa gefen hijabinta da sauran ruwan randa tana goge wa ɗanta baki. Bai iya kallon idonta ba.

"Inna, da kin yi shiru ma da ta..."

"Na sani," ta ce. "Ai ka hwaɗa min. Su wa za su yarda?" Ta matse hijabin. "Motar Moriki ba ta tashi ba tukuna. Mu tahi wurin kawunka, in shi ma labarin bai riga mu ba."

Tabaran kwali sun watse a ƙasa, an tattake su cikin miya. Ta miƙe ta tsaya a gindin dogonyaro tana ɗaure muciya da ludayi a tsumma, su kaɗai wuta ta bari. Wata bai gama sakin rana ba tukuna. Hasken da ke ratsowa ta ganye ya zubo mata a hijabi da hannuwa, ƙananan jinjirin wata birjik, suna motsi in iska ta kaɗa.

Armiya'u ya buɗe baki zai ce ga su nan, Inna, sai ya fasa. Ita ma ta gan su. Ta waiga ta ga ko akwai mai kallonta, sannan ta sa hannu da sauri tana kakkaɓe su daga jikinta. Ba su fita ba.